Raddi ga Mai Cewa Banakul Dangin Katantanwa Ne

Malam, na karanta takardar da ka raba wa ɗalibanka a Takur ta Dutse, inda ka jera banakul, halittar nan ta teku mai manne wa duwatsu da gindin jiragen ruwa a Legas, cikin dangin katantanwa. Da girmamawa nake cewa hujjojinka uku ba su tsaya ba.

Ka ce yana da ɓawo mai tauri. Haka ne, amma fuka-fuki bai mayar da jemage tsuntsu ba, tunda haihuwa yake yi yana shayarwa. A buɗe ɓawon a duba. Za a tarar da ƙafafu shida-shida a kowane gefe, masu gaɓoɓi, da su yake tace abinci daga ruwa. Yana kuma saɓa kamar kaguwa. Wace katantanwa ce ke da ƙafa mai gaɓa?

Ka ce ba ya motsi. Nan ne kuskuren ya fi girma, domin ka dubi tsufansa ka bar ƙuruciyarsa. A 1830 John Vaughan Thompson, likitan soja a Cork ta ƙasar Ayalan, ya bayyana yadda 'ya'yansa ke iyo, kamanninsu irin na 'ya'yan dangin kaguwa. Sai sun sake siffa sau da yawa kafin su sami wuri, su liƙa kai da wani danƙo da ke fita daga jikinsu, su gina ɓawo. Dubi ma Sacculina, wani banakul da ke rayuwa cikin jikin kaguwa: ba ɓawo, ba ƙafa, sai saiwoyi. Da ma'auninka, ina za ka ajiye shi? 'Ya'yansa ne suka nuna asalinsa.

Ka kafa hujja da Linnaeus da Cuvier. Manyan masana halittu ne, kuma lalle tare da masu ɓawo suka sa shi, sai dai ba su san abin da Thompson ya gani ba. Darwin ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana feɗe banakul, ya bar shi cikin dangin kaguwa, binciken ƙwayoyin gado ma bai fitar da shi ba.

Yaranmu na Dutse ba su da tekun da za su je su tantance da idonsu, abin da ka rubuta shi za su haddace su shiga jarrabawa da shi. Don Allah, Malam, a gyara takardar: banakul ɗan'uwan kaguwa da jatan lande ne.