Layi Biyu a Bakin Ƙofa

Iyayenmu da suka zo Kwatano fatauci sun san darajar mai masauki. Baƙo zai sauka a Zongo ba ya jin Fon, ba ya jin Faransanci, sai mai masauki ya kai shi gaban mai kaya ya ce: wannan mutumin Kano ne, atamfa yake nema, kuma amintacce ne. Da waɗannan 'yan kalmomi ciniki ke buɗewa.

Yau baƙon ba ya fara sauka a unguwarmu. Yana zaune a Maraɗi ko Parakou ko Sakkwato, ya ɗauki waya ya rubuta abin da yake nema a Google. Sai jerin shafuka ya fito, kowanne da kanunsa, a ƙarƙashin kanun kuma akwai layi biyu na bayani. Mai shafi ne ke rubuta wannan taƙaitaccen bayani ya ajiye a cikin shafinsa, injin bincike ya ɗauko ya nuna. Shi ne mai masaukinmu na wannan zamani.

Wasu daga cikin matasanmu masu harkar kwamfuta suna cewa rubuta shi ɓata lokaci ne, kuma suna da hujja. Tun a 2009 Google ya bayyana cewa ba ya duba wannan bayani wajen tsara wanda zai zo sama da wanda zai zo ƙasa. Sau da yawa ma yakan ajiye abin da mai shafi ya rubuta, ya tsinto wata jimla daga cikin shafin. A Disambar 2017 ya ƙara tsawon layukan, a Mayun 2018 ya sake rage su. Daga 2024 kuma ya fara sanya amsar da na'ura ta haɗa a saman jerin. Don haka suke tambaya: ina amfanin rubutun da ba ya ɗaga ka, kuma ba lallai a nuna shi ba?

Mun yarda da duk wannan, amma ba mu yarda da hukuncin ba. Zuwa sama a jeri daban, zaɓen mai saye daban. A Misebo rumfunan gwanjo suna jere kafaɗa da kafaɗa, ba mai iya matsar da tasa gaba, amma kowa ya san wanda ya iya tarbar mai wucewa shi ke sayarwa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Idan shafuka goma suka fito, mai nema zai taɓa wanda ya gaya masa a fili cewa abin da yake so yana nan.

Akwai kuma abin da masu wancan ra'ayi ke mantawa. Mu ba ta Google kaɗai ake samunmu ba, cinikinmu ya fi yawo a WhatsApp da Facebook. Duk sanda aka tura adireshin shafi cikin zauren 'yan kasuwa, ɗan akwati kan fito da hoto da kanu da gajeren bayani, kuma daga abin da mai shafi ya tanada ake ɗauko shi. Wanda ya bar gurbin fanko, akwatinsa kan fito tsirara, ko ɗauke da guntun rubutun da ba ya nufin komai. Wa zai aika kuɗin dila guda ga irin wannan?

Maganar ta fi nauyi idan muka tuna halin da hanya ke ciki. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, gadar Malanville da Gaya ta rufe. Ga kuma shirin gwamnati na kwashe 'yan kasuwar Dantokpa zuwa sababbin wurare. Abokin cinikin da ba ya iya zuwa da ƙafarsa, ko wanda ya zo ya tarar rumfa ta tashi, da waya zai neme mu.

Ba 'yan kasuwa kaɗai abin ya shafa ba. Wanda ya bincika sunan Zongo ko Misebo zai fi cin karo da abin da wasu suka rubuta a kanmu da Faransanci. Masallatanmu da makarantun Islamiyya da ƙungiyoyinmu, in sun buɗe shafi suka bar gurbin bayani ba komai, sun miƙa wa na'ura da baƙi aikin gabatar da mu ke nan.

Gyaran ba shi da wuya. Harafi kamar 150 ya isa, domin abin da ya wuce haka yakan yanke. A faɗi abin da ake sayarwa, da inda ake, da inda ake aikawa, misali: "Dilolin gwanjo na yara da manya, sari da ɗaiɗai, a Missèbo, Cotonou. Muna aikawa Parakou da Malanville." A rubuta sunan wuri yadda mai nema zai rubuta shi, a yi na Hausa a yi na Faransanci. Wanda ba shi da shafin kansa, yana da irin wannan gurbi a WhatsApp Business da Facebook da taswirar Google. Sama da komai, kada a yi ƙarya. Mai masaukin da ya yabi kayan da ba haka suke ba, baƙo ɗaya yake cuta, amma duk ayarin yake rasawa.

Ko Google ya nuna abin da muka rubuta ko ya canza, mu dai mu rubuta, domin kada a gabatar da mu da bakin da ba namu ba. Allah ya sa wa kasuwa albarka.