Lissafin Jabo ya zauna cikin rumbu

Duk ƙarshen wata ana tattara alƙaluman rigakafi da haihuwa da zazzaɓin cizon sauro daga asibitocin Jabo da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, a shigar da su DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙera bisa rumbun bayanai na PostgreSQL. Matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Sakkwato su ne za su gaji irin wannan aiki, shi ya sa nake roƙonsu su koyi ajiye umarni cikin rumbun kansa. A rubuta tambayar sau ɗaya, a raɗa mata suna, mai bukata ya kira ta da sunan mazaɓa da wata, ta dawo masa da jerin sakamako. Wanda ya san yadda sabis ke ɗaukewa a karkara ya san amfanin haka: 'yan layukan amsa ne za su biyo waya, ba dukan teburin ba. Kuma jami'in ƙaramar hukuma da na jiha ba za su zo taro da lissafi biyu ba, tunda da mudu ɗaya aka auna musu. Sai dai rumbunan kowanne da halinsa. A MySQL, tun sigar 5.0 ta 2005, SELECT kawai za ka sa a cikin umarnin, sakamako ya fito. PostgreSQL ya kawo CREATE PROCEDURE a 2018, amma har yanzu RETURNS TABLE ya fi sauƙi wajen dawo da jerin sakamako. Abin da ya fi damuna shi ne masu rubuta SELECT * saboda gaggawa. Ranar da aka ƙara wa teburin gurbi, rahoton yana iya rikicewa, a ɗora laifin kan ma'aikaciyar da ta cika rajistarta daidai.