Likitan allurar barci a Amurka: Wa ke ɗaukarsa aiki, kuma wa ke biyan kuɗinsa?

A farkon watan Disamban 2024, kamfanin inshorar lafiya na Anthem Blue Cross Blue Shield ya janye wani tsari da ya shirya fara aiki da shi a jihohin Connecticut da New York da Missouri.

Tsarin ya ƙayyade tsawon lokacin da kamfanin zai biya kuɗin allurar barci a kowace irin tiyata. Likitoci suka yi ca, 'yan siyasa suka sa baki, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya ja da baya.

Rikicin ya fito da wani likita da majinyaci ba ya zaɓa. Mutum yakan yi makonni yana bincike kan likitan da zai yi masa tiyata, amma wanda zai sa shi barci, ya lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa har ya farka, sau da yawa sai da safiyar ranar aikin suke haɗuwa.

Takardun shaida

Kafin mutum ya zama likitan allurar barci a Amurka, yakan yi shekara huɗu a jami'a, huɗu a makarantar koyon likitanci, sannan huɗu na horon ƙwarewa a asibiti. Jihar da zai yi aiki ce ke ba shi lasisi. Akwai kuma takardar ƙwarewa ta hukumar ABA, wadda doka ba ta tilasta ba, amma yawancin asibitoci ba sa ɗaukar wanda ba shi da ita ko ba ya kan hanyar samunta.

Likitan da ya yi karatu a wata ƙasa, kamar Najeriya, sai ya ci jarrabawar USMLE, hukumar ECFMG ta tantance takardunsa, kuma galibi ya sake horon daga farko.

Duk wannan ana iya dubawa a intanet cikin minti biyar. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba.

Lissafin Medicare

Medicare shirin inshorar gwamnatin tarayya ne na 'yan shekara 65 zuwa sama da wasu masu nakasa, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu a 1965 tare da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi.

Likita na da zaɓi uku. Ko ya shiga shirin ya karɓi farashin gwamnati a matsayin cikakken biya, Medicare ya biya kashi 80 cikin 100, majinyaci ko inshorarsa ta biyu su biya sauran. Ko ya ƙi shiga gaba ɗaya amma ya riƙa karɓar majinyatan, inda doka ta ba shi damar ɗora har kashi 15 cikin 100 a kan farashin da aka amince masa. Ko kuma ya fice, ya yi ciniki kai tsaye da majinyaci. Masu ficewa kusan ɗaya ne cikin ɗari na likitocin ƙasar.

Likitocin allurar barci kusan ba su da zaɓi na uku. Asibitin da tsofaffi suka cika ɗakunan tiyatarsa ba zai riƙe likitan da ba ya karɓar Medicare ba.

Ana lissafa kuɗinsu ne da maki: makin wahalar aikin, a haɗa da maki ɗaya na kowane minti 15, sannan a ninka da wani farashi. A Medicare farashin maki ɗaya ya ɗan haura dala 20. Wani rahoton ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, na 2020 ya gano cewa kamfanonin inshora masu zaman kansu na biyan fiye da ninki uku da rabi na abin da Medicare ke biya.

Likitocin na cewa gwamnati ce ke tauye su. Kamfanonin inshora na cewa su ake tatsa. Kowa na da ɗan abin da zai kafa hujja da shi, amma sakamakon ɗaya ne: abin da aka rasa a wajen tsofaffi, a wajen masu inshorar kamfani ake nemo shi, ko kuma asibiti ya ciko da tallafi daga aljihunsa.

Sunan da ke kan takardar albashi

Likitan allurar barci na iya sanye da rigar asibiti alhali ba ma'aikacin asibitin ba ne. Da yawa suna ƙarƙashin ƙungiyoyi ko kamfanoni ne masu kwangila da asibitin, kuma su ke ciniki da inshora.

Shekaru da dama hakan ya riƙa jawo wa mutane takardar bashi ta ba-zata. Majinyaci zai tabbatar asibitin da likitan tiyatar suna cikin tsarin inshorarsa, bayan makonni sai ga lissafin dubban daloli daga likitan allurar barci da ba ya ciki.

Dokar hana irin wannan lissafi, wadda Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu a Disamban 2020, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Yanzu ba za a caji majinyaci fiye da kasonsa na cikin tsari ba, kuma ba a yarda a sa shi ya rattaba hannu cewa ya yafe wannan kariya ba idan batun allurar barci ne. Saɓani kan ragowar kuɗin ya koma tsakanin likita da kamfanin inshora, a gaban mai sasanci.

Dokar ta cire majinyaci daga tsakiyar faɗan, amma ba ta taɓa farashin kansa ba.

A watan Satumban 2023, hukumar kula da gasa a kasuwanci ta tarayya, FTC, ta maka kamfanin U.S. Anesthesia Partners da kamfanin zuba jari na Welsh Carson a kotu. Ta zarge su da saye ƙungiyoyin likitocin allurar barci fiye da goma sha biyu a jihar Texas, ɗaya bayan ɗaya, har suka samu ƙarfin ɗaga farashi. Kamfanonin sun musanta.

Abin lura a ƙarar shi ne, hukumar ta ce bayan cinikin likitocin ba su canza ba, asibitocin ma haka. Farashin ne kawai ya tashi. Irin wannan ƙari yakan dawo kan ma'aikata ne ta kuɗin inshorar da ake cire musu duk wata.

A watan Mayun 2024 alƙali ya cire Welsh Carson daga ƙarar, amma ya bari a ci gaba da shari'a da U.S. Anesthesia Partners. A Janairun 2025 Welsh Carson ya cimma yarjejeniya da hukumar, inda ya amince zai riƙa sanar da ita kafin ya sake zuba jari a wannan fanni.