Daga Fiji zuwa Kogin Wudil: Ruwa Ma da Masu Shi

Nasan da yawanku kun sha ganin hotunan nan a waya: farin yashi, bishiyoyin kwakwa, da ruwa shuɗi garau har ana hango kifi a ƙasa. Wasu daga cikinsu a Fiji aka ɗauke su, wata ƙasa mai tsibirai fiye da 300 a tsakiyar Tekun Pasifik. Babban birninta Suba, ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1970, kuma agogonsu yana gaban namu da awa 11. Lokacin da kuke shiga aji, su sun yi sallar magariba, in Musulmi ne, don akwai Musulmi a can.

Abin da hoton ba ya nunawa shi ne, wannan bakin ruwan yana da masu shi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar Fiji mallakar dangogin 'yan asalin ƙasar ne, kuma kowane yanki ya san iyakar ruwan da yake su a ciki. Baƙo ba ya sauka daga kwale-kwale ya tuɓe riga ya faɗa ruwan ƙauye. Sai ya fara zuwa gaban mai gari da ƙunshin saiwar wani tsiro da suke kira yangona, kamar dai yadda mu muke kai goro. Sunan wannan gaisuwa sebusebu. Zai cire hula, ya rufe kafaɗa, ya zauna a ƙasa, a faɗi abin da ya kawo shi. In an karɓi ƙunshin, ya zama baƙon gari, kuma kula da shi ya hau wuyansu. A nan ne zai ji inda aka hana kamun kifi don kifin ya hayayyafa, da inda igiyar ruwa take jan mutum.

Ni wannan na ƙarshen ne ya fi ɗaukar hankalina, domin mu ma muna da namu bakin ruwan. Ku tsaya a kan gadar Wudil da rani ku duba: ga yashi shimfiɗe, ga masunta da kwale-kwalensu, ga masu wanki, ga tifofi suna lodi. Ruwan nan na Kogin Kano ne da na Challawa suka haɗe, suka nufi Haɗeja. To amma mu yaya muke zuwa? Ranar Sallah ko in zafi ya tsananta, sai samari su yi ayari, ba sallama ba tambaya, kowa ya yi tsalle.

Kogin kuwa ba kamar yadda ido yake ganinsa yake ba. Inda aka haƙi yashi, rami ne yake zama a ƙarƙashi. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ka ji ba ƙasa. Kuma tun da aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, yawan ruwan bai dogara da saman da aka yi a garinku kaɗai ba, in an saki ruwa daga can zai iya ƙaruwa rana tsaka. Wanda ya san duk wannan shi ne masuncin da ya wuni a wurin, kuma Hausawa ba don ado suka naɗa Sarkin Ruwa ba.

Saboda haka in ƙungiyar nazarin ƙasa ta makarantarku tana shirin fita yawon buɗe ido, ku ba malaminku shawarar Wudil, ba sai an nemi biza ba. Malam ya riga ku zuwa wajen shugabannin masunta da ɗan goro, a sa rana. Ku tafi da littafi da biro, ku tambaye su sunayen kifaye, da watan da kowanne yake yawa, da wuraren da su kansu ba sa barin 'ya'yansu su shiga. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a tudu, in kuma za a hau kwale-kwale, a nemi rigar kariya, a ƙirga mutane kafin a tashi.