Waƙar Fim: Ta Mawaƙi ce ko ta Furodusa?



A watan Mayun 2024, dattijon nan mai tsara kiɗan finafinan Indiya, Ilaiyaraaja, ya aika wa masu shirya fim ɗin Manjummel Boys takardar lauya. Ƙorafinsa shi ne sun saka wata waƙa da ya tsara wa fim ɗin Gunaa tun 1991 ba tare da neman izininsa ba. Su kuma suka ce ai sun biya kuɗi sun karɓi izini daga kamfanonin da ke riƙe da waƙar. A lokacin waƙar ta shekara 33, amma sai ga shi an yi ja-in-ja a kanta.

Mun kawo wannan labari ne saboda irin wannan rigimar tana jiran Kannywood, kuma a cikinmu akwai matasa masu shiga situdiyo. A da, furodusa ya kira mawaƙi, su yi ciniki da baki, ya biya shi, a buga kaset ko CD, magana ta ƙare. Yanzu kuwa waƙa ba ta mutuwa. Ana ɗora ta a YouTube tana kawo kuɗi shekara da shekaru. Nan ne furodusa zai ce na biya, mawaƙi ya ce fim ɗaya na yi maka, makaɗi kuma ya ce ni fa?

Gaskiyar magana, waƙa ɗaya tana iya samun masu haƙƙi da yawa: wanda ya rubuta baitoci, wanda ya tsara kiɗa, da wanda ya ɗauki nauyin naɗar sautin. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Haka kuma haƙƙin baiti da kiɗa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ke nan dukiyar marayu ce ake wasa da ita, ba ta mawaƙi kaɗai ba.

Mun san wasu za su ce neman takarda tsakanin 'yan uwa rashin yarda ne. Mu ba mu gan shi haka ba. Takarda ce ke tsare zumunci ranar da kuɗi ya shigo, ko ranar da masu cinikin suka kau, aka bar magada da musu.

Shawararmu ga matasanmu: kafin ku rera baiti ɗaya, a rubuta ko sayarwa ce ko aro, na fim nawa ne, wa zai ɗora a intanet, kuma yaya za a raba abin da ya shigo. A sa hannu gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya