Gishirin Da Ba Ya Shiga Miya: Hattara Da Ajiyar Sinadarin Nitiret

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona a hutun da ya wuce. Na raka kawuna sayen taki a wani shago a Jimeta, domin gonarsa ta noman rani da ke bakin tafkin Geriyo. A cikin shagon buhunan taki sun kai rufi, jarkokin fetur na jingine da su, ga janareta yana aiki a bakin ƙofa. Da na yi wa mai shagon magana, sai ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ai taki ba ya cin wuta." Ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya bari shi ne mai kisa.

Sinadarin da nake magana a kai shi ne amoniyam nitiret. Fari ne, ƙwayoyinsa kamar gishiri. Ana yin taki da shi saboda kusan kashi 34 cikin 100 na nauyinsa naitirojin ne, masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai kuma suna aiki da shi. Ya bambanta da yuriya, wadda manomanmu suka fi sani, amma yana cikin takin CAN da wasu nau'o'in NPK. Shi kansa ba ya kamawa da wuta kamar fetur. Aikinsa shi ne ciyar da wuta da iskar oksijin, sai ƙaramar gobara ta zama gagaruma. Yana narkewa a zafin da ya kai kusan digiri 170, idan zafin ya ƙaru sai ya fara fitar da hayaƙi mai guba, ja-ja mai ruwan ƙasa. Idan kuma yana da yawa, a rufaffen wuri, ya gauraya da mai ko gawayi ko dusar katako, to yana iya fashewa.

Tarihi ya ishe mu shaida. A ranar 4 ga Agusta 2020, tan 2,750 na wannan sinadari da aka jibge kimanin shekara shida a tashar jiragen ruwa ta Beirut a ƙasar Labanan suka fashe bayan gobara ta tashi a ɗakin ajiyar. Fiye da mutum 200 suka mutu, dubbai suka jikkata. A 1921 a garin Oppau na Jamus, taki ne ya dunƙule ya zama kamar dutse, ma'aikata suka sa nakiya don su farfasa shi, mutum fiye da 500 suka halaka. A 2013 a garin West na jihar Texas a Amurka, gobara ta tashi a wurin ajiyar taki, mutum 15 suka rasu, akasarinsu masu kashe gobara da suka je kai ɗauki. A nan gida ma, fashewar da ta auku a unguwar Bodija ta Ibadan a Janairun 2024 ta samo asali ne daga nakiyoyin haƙar ma'adinai da aka ɓoye a gida a tsakiyar jama'a.

Wani zai ce ina ruwan Yola da Beirut, mu da ba mu da tashar jiragen teku? Ai da ruwanmu. Na farko, zafin Yola a watannin Maris da Afirilu yakan haura digiri 40, kuma ƙwayoyin wannan sinadari suna sauya siffa duk lokacin da zafi ya haura ko ya sauko ta wajen digiri 32, sai su murmushe su dunƙule. Na biyu, yana shan danshi sosai, mu kuma a bakin Binuwai muke, mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022. Na uku, shagunanmu a manne suke da juna, mai taki yana maƙwabtaka da mai walda da mai sayar da mai a galan.

Don haka ina ganin wajibi ne duk mai sayarwa ko ajiye irin wannan taki ya kiyaye abubuwa kaɗan. A ajiye shi a busasshen ɗaki mai shan iska, nesa da gidajen kwana. Kada a haɗa shi wuri ɗaya da fetur, gas, baƙin mai, gawayi, ciyawa ko ruwan batir. A hana shan taba da walda kusa da shi. Wanda ya zube a share shi, kada a tsane shi da dusar katako. A wanke hannu bayan an taɓa shi, a kuma nisanta shi da yara da dabbobi, domin saniya tana iya mutuwa idan ta lashe shi da yawa. Idan gobara ta tashi, ruwa mai yawa ne maganinta, rufe ta da yashi ba ya aiki tunda sinadarin yana samar wa wutar iska da kansa. Mu kuma 'yan kallo mu daina ɗabi'ar rugawa wurin gobara. Da zarar an ga jan hayaƙi, a yi nisa, a bi ɓangaren da iska ke fitowa, a kira 'yan kwana-kwana.

Na san za a ce talaka ba shi da kuɗin kama shago biyu. Gaskiya ne, amma fitar da jarkar fetur daga ɗakin taki ba ya cin ko kwabo. Hukuma ma tana da nata nauyin. Mun daɗe muna kallon taki ta fuskar tsaro kawai, musamman bayan hare-haren bam da aka kai Jimeta a 2015, muka manta da haɗarin sakaci. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta wajabta wa dillalai yin rajista. Ya kamata jami'ai su riƙa leƙa ɗakunan ajiyar kafin damina, a kuma riƙa faɗakarwa a rediyo da Hausa da Fulfulde, domin gargaɗin da ke jikin buhu da Turanci yake.

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Idan muka koma gida hutu, mu duba inda aka ajiye taki, mu karanta wa iyayenmu abin da ke jikin buhun. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyashe mu.