Harajin Talabijin da Ba Ya Yin Sallama

'Yan uwa ɗalibai, ku ɗauko faktir ɗin NIGELEC na gidanku ku duba. Cikin kuɗin wuta akwai wani ƙari da ake kira "redevance", na rediyo da talabijin na gwamnati. Ana ɗora shi bisa wutar da ka sha, ko kana da tele ko babu.

A Ingila, ma'aikacin lasin sai ya zo ƙofar gida, kuma maigida na da ikon hana shi shiga in babu takardar kotu. Faransa kuwa ta soke nata harajin tun 2022. Mu nan fa? Wa za ka hana shiga, alhali harajin na cikin kontar ɗinka?

Tela a Konni, mai injin niƙa a Malbaza, mai sayar da ƙanƙara a Illela, duk suna biyan kallon da ba su yi ba. An rubuta musu shi da Faransanci, ba su ma san da shi ba.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. To, a rubuta faktir da Hausa! Mai biya ya san abin da ya biya, ya ji inda kuɗinshi suka tafi.